Maƙerin Bibbiyu

Obitara, Agadas
10 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Usaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya baƙunta, yaya ruwan Bilma da ake cewa rabinsa gishiri ne, yaya kuma 'yan lakwal ɗin da kike koyarwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarku tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina rufe kanki da safe, don an ce sanyin can ba ya jin kunyar kowa. Gaisuwar 'yar'uwarki Hassana kuwa ba sai na isar ba, tunda kullum kuna manne da salula in rezo, wato layin waya, ya ga dama.

Takardarki ta iso ta hannun Ilyas mai kamyo, babbar motar kayan nan, tare da dabinon. Allah ya yi albarka. Kin san ni da salula ba ma shiri. Magana ta shiga iska ta wuce, in mutum ya so ya sake jin ta sai ya rasa inda zai kamo ta. Takarda kuwa tana nan a aljihuna, na karanta ta sau huɗu. Ashe wahalar da na sha a ajin yaƙi da jahilci, ina zaune da gemuna ina koyon “a” da “ba”, ranarta ce ta zo.

Za ki ga rubutun ya nutse cikin takarda kamar da ƙusa na yi shi. Dalili shi ne akwai wata takardar a ƙarƙashi. Abokina Tijjani, wanda ya tsufa yana buga mashin ɗin rubutu a buro, wato ofis, ya ba ni ragowar karbon ɗinsa, ya nuna mini yadda ake shimfiɗa shi tsakanin takardu biyu. Ta sama taki ce, ta ƙasa ta Hassana. Innarku ta yi dariya har da riƙe ciki, wai yaushe mutum zai rubuta wa 'yar da ke tsakar gida tana tankaɗe, alhali in ya yi tari ma tana jin sa. Na ce ta yi ta dariyarta. Shekara ashirin da huɗu ke nan ban taɓa miƙa wa ɗayarku abin da ban miƙa wa ɗayar irinsa ba, ba kuma zan fara yau ba don kawai gwamnati ta jefa ki bayan hamadar Tenere.

Na ji daɗin labarin darasinki. Kin ce kalmar nan ta Ingilishi, double, haka ake rubuta ta da Faransanci ma, sai dai wajen faɗa su ce dabul, mu nan mu ce dubul. Na nuna wa Tijjani, ya ce ai takardar ƙasan nan ma sunanta ke nan a buro. Amma ni abin da ya ba ni mamaki shi ne rowar Turawan nan. Gado mai cin mutum biyu, ƙofa mai ƙyaure biyu, zane in an ninka shi, hatsi in ya ƙaru ya zama biyunsa, har mutum mai kama da wani, duk kalma guda suka ɗora wa kamar jakin haya. Mu kuwa muna da biyu, da ninki, da riɓi, da tagwaye, kowanne da gidansa. Kika ce da yara suka nemi misali sai kika taɓa 'yan kunnenki kika ce musu ubanki maƙeri ne, komai bibbiyu yake yi. To na gode, an kai sunana har Kawar, ƙasar Bilma, ba tare da na hau raƙumi ba.

Sai dai ki ƙara musu da wannan, don su san uban malamarsu ba inji ba ne. A zubin azurfa, da kakin zuma ake fara siffanta abu. A lulluɓe shi da yumɓun da aka kwaɓa da kashin jaki, a shanya, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa. Cikin wannan gurbin ake zuba azurfa. In ta huce kuma ba yadda za a fito da ita sai an fasa yumɓun. Kaki ya tafi, yumɓu ya fashe. Mai son na biyu sai ya koma farko, ya sake murza wani kakin da hannunsa. Duk da haka ki tambayi duk unguwar Obitara, har yau ba a sami wanda ya bambance abin hannunki da na Hassana ba.

Na bar babban labari a ƙarshe, ko da yake na san an riga ni ta salula. Mutanen Abdu, wanda ke aikin wuta a Cirozerin, sun zo ranar Juma'a neman auren 'yar'uwarki, kuma mun ba su. Yaron kirki ne, in yana gaishe ni har ƙasa yake kaiwa, shayinsa ne dai ba sukari. Hassana tun ranar take ƙona miya, kuma tunda za ta karanta wannan, to ta ji. An sa rana sai kin samu hutun ƙarshen shekarar karatu. Raina fari ƙal, Usaina. Bayan sanyi zan fito da azurfar Kaka.

Ki gaida uwar ɗakinki da ta ba ki masauki. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Naki uba,
Mamman Bahago

Obitara, Agadas
6 ga Fabrairu

Zuwa ga Malama Usaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Yaya sanyi, yaya murar da Hassana ta ce kin yi? Nan gida kowa lafiya, sai ƙafar Innarku da ke taɓa ta in gari ya yi sanyi. Ga cuku da ɗan kilishi a cikin ƙunshin, kar ki rabar duka ki zauna da takarda.

Kar ki yi zaton idonki ne ya samu matsala. Wannan karon ke ce da takardar ƙasa. Na lura ta ƙasan ba ta fitowa sosai, ga shi ni bahago, gefen hannuna yana bi yana shafe ta, sai na ga ba adalci ba ne kullum mutum ɗaya ya riƙa samun dishi-dishi. Daga yau za a riƙa karɓa-karɓa. In wani harafi ya ɓace miki, ki tambayi Hassana, yana wajenta.

Na buɗe tukunyar Kaka. Kin tuna tsofaffin liyarin nan na azurfa masu hoton wata mace mai ƙiba, waɗanda uwata Aisa ta ƙulle cikin tsumma. Kuna 'yan shekara goma ta rasu, ban san iyakar abin da kika riƙe ba, don ke lokacin in tana ba da labari kanki na cikin littafi, Hassana ce ke zama a gabanta baki buɗe. Uwarta tana da wani abin wuya wanda aka sayar shekarar wata yunwa aka sayi hatsi. Uwar abin wuyan faɗinta kamar tafin hannu, da 'ya'ya shida a kowane gefe, nauyinsa kuma in mace ta sa sai ta ji shi a ƙeyarta. Kaka ta yi rayuwarta tana tara waɗannan liyari ɗaya bayan ɗaya don a maido da shi gidan. Ta bar mini wasiyya biyu. A yi shi ranar auren jika, kuma kar a gauraya azurfarta da sabuwa, don ta zamani fari gare ta ba zuciya.

Na ɗora su a ma'auni sau uku, kamar in na sake za su yi ƙiba. Daidai abin wuya ɗaya suke. Tsohuwar nan ta auna abinta, abin da ba ta auna ba shi ne Allah zai ba ɗanta 'ya'ya mata biyu rana ɗaya.

Ban daɗe ina tunani ba. Za a yi biyu, kowanne rabin girman na asali. Innarku ta ce tunda ke ba yanzu za ki yi aure ba, me zai hana a yi wa amarya cikakke, ke in lokacinki ya zo a nemi wata azurfar. Na ce mata ta manta ne, ni ban manta ba. Bari in ba ku labarin da kyau ku duka biyu, tunda gutsure-gutsure kuka saba ji.

Kuna da wata goma sha ɗaya Kaka ta ciro liyari guda ta ce in yi muku mundaye. Na gama ta farko, ta yi kyau, zumuɗi ya sa na zura wa Hassana a hannu, da niyyar gobe in yi taki. Gobe sai ga wani baƙo da aikin gaggawa, jibi ma haka. Rana ta uku kika kwanta da zazzaɓi. Kwana tara kina ƙin nono, kin zama kamar ɗan tsuntsu, in na ɗauke ki ba na jin na ɗauki komai. Likita ya ce sauro ne, ya yi ta allura. Tsofaffin unguwa suka ce fushin tagwaye ne, an fifita ɗaya, ɗayar za ta koma inda ta fito. Na shiga maƙera hannuna na rawa na zuba ta biyu, ta fito da ɗan karkace, ban tsaya gyara ba na sa miki. Washegari kika kama nono. A ranar ne kuma allurar likita ta cika. Liman ya ce mini camfi ne, rai da lafiya na Allah ne, kuma na yarda da shi har zuciyata. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Tun daga nan komai bibbiyu: zobe, 'yan kunne, takalmin salla, har tsawa in zan yi sai na raba muku daidai. Ban kuma yi asara ba, ga ku nan kun girma, ɗaya tana koyar da harshen Turawa, ɗaya tana ɗinkin da matan gari ke layi a kai.

Na fara murza kakin. Hassana takan kawo mini shayi ta tsaya tana kallo, ba ta cewa komai, ita da bakinta ba ya hutawa. Na ɗauka kunyar amarci ce.

Innarku da maƙwabta suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ubanku,
Mamman Bahago

Obitara, Agadas
19 ga Afrilu

Usaina 'yata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki, kuma wannan karon ba tambayar al'ada ba ce, ina son amsa. An yi salla lafiya? Yaya zafi? Mu nan ƙalau muke.

Ki juya takardar nan ki duba. Babu karbon a ƙarƙashinta. Hassana ta tafi kasuwa sayen zare, na turo ƙyauren maƙera, ina rubutu kamar mai satar akuya. Wannan ce wasiƙa ta farko da ba ta da 'yar'uwa. Amma maganar da zan yi ba ta yiwuwa a gabanta.

Na zuba abin wuyan guda biyu kafin azumi ya ƙare. Ba su da aibi. Na goge su har mutum na ganin fuskarsa, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ranar salla na kira Hassana na miƙa mata nata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce, “Baba, ya yi kyau, Allah ya ƙara girma.” Sannan ta yi abin da ya hana ni sukuni. Kafin ta sa a wuya, ta ɗora shi a tafin hannunta ta ɗan ɗaga sama sau biyu. 'Yar maƙeri ce, ba ta ma san ta yi ba. Ta auna shi, ta ji abin da ni ma na ji, sai ta yi murmushi ta ɗaura. Na dubi ƙeyarta, igiyar ko lotsawa ba ta yi ba.

Usaina, wannan ba abin wuyan Kaka ba ne. Na ɗauki abin da tsohuwa ta yi shekara arba'in tana tarawa na mai da shi ganye biyu. Yarinyar da ta zauna gaban Kaka tana haddace yawan 'ya'yansa ba ta ce uffan ba, don ta san labarin zazzaɓinki, ni na rubuta mata shi da hannuna. Ashe shirun da take yi a bakin maƙera ba kunya ba ce. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in ƙara miki da wata. Cika bakin da na yi miki a wasiƙar farko, rabinsa ne gaskiya. Mutanen unguwa ba sa bambancewa, amma ni ina bambancewa. Ban taɓa yin abu biyu sun zo daidai ba, ko sau ɗaya. In ban da munduwar nan ta rawar hannu, kullum na biyu ya fi kyau, don hannu ya riga ya koyi hanya a na farko. Na rasa yadda zan yi, sai na riƙa karɓa-karɓa: bana mai kyan naki, baɗi na Hassana. Don kar in rikice, nake yin zane da magagari a bayan ƙyauren maƙera, tsaye in ke ce, kwance in ita ce. Ko Innarku ba ta san ma'anar zanen nan ba, ta ɗauka kwanakin gawayi nake lissafawa.

Ga abin da ke raina. Ina so in mai da su biyun cikin wuta, in zuba guda ɗaya cikakke, in ba Hassana. Ke ba za ki samu komai daga azurfar Kaka ba. Na rubuta wannan layin na daɗe ina kallonsa.

Ba zan yi ba sai na ji daga gare ki. Kuma kar ki ba ni amsar 'yar kirki. Na san ki, za ki ce ba komai Baba, alhali abu na cin ki, haka kika yi shekarar da aka hana ki zuwa Yamai. In kin ji ko ɗan ƙaiƙayi ne a zuciyarki, ki faɗa, wallahi sai in bar su yadda suke, ba wanda zai ji. Abin wuya ƙarfe ne. Ban haife ku don ƙarfe ya shiga tsakaninku ba, kuma ban shirya sake ɗaukar ki in ji ba nauyi ba.

Kar ki amsa ta salula, a hannunta take. Ki ba Ilyas takarda, ki ce ya kawo maƙera, ba gida ba. In kuma kin ji jikinki ya yi ɗumi bayan kin karanta wannan, ki tafi wajen likita a ranar, kar ki tsaya dariyar tsoho. Ni ma nan zan sa wa Hassana ido, tunda yau ita aka hana takarda.

Ga ta can ta dawo, ina jin muryarta a zaure. Allah ya kiyaye mini ku.

Baba

Obitara, Agadas
14 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Usaina, Malamar Bilma,

Bayan gaisuwa da sa albarka mai tarin yawa, ina fatan kin yi babbar salla lafiya, yaranki kuma sun ci jarrabawarsu. Yaya haɗa kaya? Mu nan lafiya lau, gida ya cika da 'yan'uwa tun yanzu, Innarku ta manta da ciwon ƙafa, tana ta ba da oda kamar kwamanda.

Sati uku na yi ina jiran amsarki, kuma ban ji daɗinsu ba. Kullum da safe sai na tambayi Hassana ko kun yi magana, ko muryarki ƙalau. Ita kuma in ta yi atishawa sai na ajiye masaba na leƙo. Rana ta biyar ta kawo shayi ta ajiye, ta ce, “Baba, lafiyata lau, ita ma lafiyarta lau. Ilyas ya tafi da takarda, ni ban ga tawa ba, kuma ban mutu ba.” Ashe ta ga lokacin da na miƙa masa. Sai na kama zuga wutar da ba ta bukatar zugi.

Sannan ƙunshinki ya iso. Na fara buɗe tsumman kafin takardar, sai ga munduwar jarirai ta faɗo mini a cinya. Daga baya na ga a takardar kin ce in ƙara da ita, tunda daga liyarin Kaka ta fito, ba gauraye ba ne, kuma uwar abin wuyan ta ƙara kauri. Na ɗaga ta ga haske, na juya, na sake juyawa. Usaina, wannan ba taki ba ce. Taki tana da karkace, da hannuna na yi shi. Wannan ta farko ce, ta Hassana.

Sai da na karanta takardar na gane. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wato tun kuna 'yan shekara bakwai kuka gano zanen bayan ƙyaure, kuka san tsaye ke ce, kwance ita ce. Wato duk salla in na gama rabo na fita ina hura hanci, sai ku shige ɗaki, wadda ta samu mai kyan ta tilasta wa ɗayar ta karɓa. Shekara goma sha bakwai ina zane da magagari, ashe duk lissafina a juye yake. Na kira Hassana na nuna mata layin, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gawayi. Ta ce wata shekarar har faɗa kuka yi, kowa na cewa ita ce za ta ɗauki mummunan. Mundayen kuma kun yi musanya tun ranar da aka fara ba ku labarin zazzaɓi, don ita ta ce karkatacciyar take so. Na ce ta kawo ta a haɗa a narke. Ta ce ko kusa, wannan da ita za ta tafi Cirozerin.

Na yi dariya, daga baya kuma na tura ƙyaure na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidana dai yara ne suka hango, babba yana ƙasa yana zane a ƙyaure.

Na yarda da amsarki don ba ta 'yar kirki ba ce. Da kin ce ba komai, da ban taɓa su ba. Amma kika ce kin ɗan ji wani abu da kika karanta, na kwana ɗaya, sannan kika tuna ke ko 'yan kunne masu nauyi ba kya iya wuni da su a gaban allo, kuma ko labarin abin wuyan ba ki riƙe ba. Wanda ya faɗi ɗan zafin da ya ji, in ya ce ya wuce sai a gaskata shi.

Ranar Litinin da hantsi na zuba. Kwana shida na yi a kan kakin, ba gaggawa, ba kuma wani na biyu da ke jira a bayansa, abin da rabona da shi tun kafin a haife ku. Na sa su biyun da munduwar da kika aiko a wuta, na yi bisimilla. Da ya huce na ba Hassana masaba na ce ta fasa yumɓun da kanta. Ya fito cif, faɗin tafin hannu, ba ƙofar iska ko ɗaya. Da na gama gyara da 'ya'yansa goma sha biyu, ta ɗora a hannu za ta ɗaga kamar wancan karon, sai hannun ya yi ƙasa. Ta ɗaura, ta kai hannu ta shafa ƙeyarta. Ba ta yi godiya ba ma, ta tafi nuna wa Innarku, ni kuma wannan ya fi mini godiyar.

Akwai ɗan guntun da ya rage a bakin zubi, bai kai ƙwayar dabino ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in yi miki wani abu da shi a ɓoye, hali zanen dutse. Na daure na ƙulle shi cikin tsumman Kaka. In kin zo ki faɗi abin da kike so, ko ki ce a bar shi.

Abin da kika roƙa kuwa an yi. Kin ce in dai rabo ne, ke naki ki riƙa samun wasiƙar da aka rubuta miki ke kaɗai. Hassana ma da ta ji ta ce ta gaji da karanta takardar da ke tambayar ta ruwan Bilma, in ta tare a Cirozerin tana son tata, da sunanta a sama. Na mayar wa Tijjani karbon ɗinsa, ya ce dama ya san ba zan iya da aikin buro ba. Kin ga gyaran da kuka yi mini: da wasiƙa ɗaya nake rubutawa ta zama biyu, yanzu sai na zauna sau biyu, in nemo wa kowa labarinta. In kin koma aji ki tambayi littafinki ko kalmar nan ta Turawa ta san da irin wannan.

Ilyas ya ce zai taso daga can ran uku ga wata, ya ajiye miki gaban mota. Ki taho da dabino mai yawa, dangin Abdu ba su da kaɗan. Innarku ta ce a gaya miki an ɗinka miki kayan biki, kuma launinsu daban da na amarya, ta ce in kin ga dama ki yi zazzaɓi.

Ki shafa bayan takardar nan ki ji, sumul take. Ban danna bik wajen rubutu ba, hannuna ko gajiya bai yi ba.

Allah ya kawo ki lafiya, ya yi muku albarka, ke da ita, kowa da tata.

Naki uba,
Mamman Bahago